Ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka: ɗan wasa ya shiga NBA da wuri, ko ya tsaya ya ƙare karatu?

A kowace shekara, da zarar an kammala gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka a farkon watan Afrilu, samari da dama kan shiga halin tsaka-mai-wuya, domin makonni kaɗan ne suka rage musu su yanke shawarar da za ta iya sauya rayuwarsu da ta iyayensu: ko dai su miƙa sunayensu ga zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ko kuma su koma aji su ƙara shekara guda suna buga wa jami'arsu. Yawancinsu ba su wuce shekara 19 zuwa 21 ba, kuma kowa na jan su ta nasa ɓangaren. Koci yana so su zauna saboda ƙungiyarsa, wakili yana so su fita saboda kamashonsa, 'yan uwa kuma sun daɗe suna jiran ranar da wahala za ta ƙare.

Kafin a auna ɓangarorin biyu, ya kamata a san yadda tsarin yake, tun da ya sha bamban da abin da masu kallon ƙwallon ƙafa ta Turai suka saba da shi. A NBA ƙungiya ba ta zuwa ta sayi yaro daga hannun wata ƙungiya tun yana ƙarami. Ƙungiyoyi 30 ne, kuma a ƙarshen watan Yuni sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, a zagaye biyu, mutum 30 a kowane zagaye, inda waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce suke samun damar fara zaɓe. Wato gurabe kusan 60 ne kacal a shekara, alhali jami'o'in da ke rukunin farko na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, sun haura 350, ga kuma matasan Turai da Afirka da Ostireliya da ke neman waɗannan guraben. Ƙididdigar ita kanta NCAA ta nuna cewa kimanin ɗaya cikin ɗari ne na 'yan wasanta maza ake zaɓa a NBA. Saboda haka wannan muhawara ba ta shafi dubban ɗaliban da ke buga wasa ba. Ta shafi 'yan ƙalilan ne da ke bakin ƙofa, da kuma wasu da yawa da aka ruɗa suka ɗauka suna bakin ƙofar.

A da can, sai ɗan wasa ya cika shekara huɗu da gama sakandare kafin NBA ta karɓe shi. Spencer Haywood ne ya kai ƙara, kuma a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya, ƙofa ta buɗe. Daga baya har aka riƙa ɗaukar yara kai tsaye daga sakandare, kamar Kevin Garnett a 1995, da Kobe Bryant a 1996, da LeBron James a 2003. Daga zaɓen 2006 aka kafa dokar da ake bi har yanzu, wadda ta ce dole ne ɗan wasa ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen, kuma ya yi shekara guda da barin sakandare. Wannan doka ce ta haifar da al'adar shekara ɗaya a jami'a sannan a kama gaba, wadda jami'o'i irin su Kentucky da Duke suka yi suna a kanta.

Hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a fita da wuri ita ce kwantiragin zagaye na farko. Duk wanda aka zaɓa cikin mutum 30 na farko yana samun yarjejeniyar da aka riga aka ƙayyade kuɗinta gwargwadon lambarsa, kuma shekaru biyun farko tabbatattu ne: ko ya ji rauni, ko koci ya ajiye shi a benci, ko an sallame shi, sai an biya shi. Shekara ta uku da ta huɗu kuwa ƙungiya ce ke da zaɓin ci gaba da shi ko akasin haka. A zaɓen 2025, wanda ya zo na ɗaya, Cooper Flagg na Duke, ya fara da albashin da ya kusa dala miliyan 14 a shekarar farko, na talatin kuma ya haura dala miliyan biyu. Babu digirin da zai ba matashi ɗan shekara 19 wannan kuɗi, kuma duk wanda ya gaya masa akasin haka bai yi masa adalci ba. A nan ne maganar Hausawa ta ƙwai a baka ya fi kaza a akurki take zaune daram.

Akwai kuma wani lissafi da ba kowa ke lura da shi ba, wanda a ganina ya fi albashin farko nauyi. Manyan kuɗaɗen NBA suna zuwa ne a kwantiragi na biyu da na uku, kuma iyakar abin da ɗan wasa zai iya karɓa ya danganta da yawan shekarun da ya yi a gasar. Wanda bai kai shekara bakwai ba, a ƙa'ida, ba zai wuce kashi 25 cikin ɗari na jimillar kuɗin albashin da aka yarje wa ƙungiya ba. Mai shekara bakwai zuwa tara yana iya kai wa kashi 30. Mai goma zuwa sama kuma kashi 35. A kakar 2025 zuwa 2026 wannan jimilla ta haura dala miliyan 154, wato kashi 35 ɗin ya wuce dala miliyan 54 a shekara guda. Wanda ya shiga yana da shekara 19 zai cika shekara goma a gasar yana ɗan 29, yana tsakiyar ƙarfinsa. Wanda ya shiga yana 22 kuwa sai ya kai 32, lokacin da gwiwoyi suka fara ƙorafi kuma ƙungiyoyi suka fara jan ƙafa wajen ba da doguwar yarjejeniya. Don haka shekarar da tauraro ya ƙara a jami'a, daga ƙarshen aikinsa ake cire ta, inda kuɗin ya fi yawa.

Sai batun rauni, wanda shi ne abin da ke hana iyaye barci. A watan Fabrairun 2019, ana daƙiƙa talatin da 'yan kai da fara wasan Duke da North Carolina, Zion Williamson ya taka ƙafar hagu zai juya da ƙwallo, sai takalminsa ya yage, ƙafar ta fito ta gefe, ya zube ƙasa yana riƙe da gwiwar dama. Filin ya cika maƙil, tsohon shugaban ƙasa Barack Obama na zaune a gefe, an sayi tikiti da dubban daloli, shi kuwa yaron da aka zo kallo ba a biyan sa ko sisi a wancan lokacin. Allah Ya kiyaye, targaɗe ne kawai, kuma shi aka zaɓa na ɗaya a wannan shekarar. Nerlens Noel na Kentucky bai yi wannan sa'a ba. A Fabrairun 2013 ya bi abokin karawa da gudu ya doke ƙwallon da zai jefa, ya sauko da kuskure, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kuma wanda ake ta ambata a matsayin na ɗaya sai ya koma na shida. Jared Sullinger na Ohio State kuwa shi da kansa ya zaɓi ya ƙara shekara a 2011, lokacin da ake sa ran zai fito cikin sahun gaba. Da ya fito a 2012 likitoci suka nuna damuwa kan bayansa, ya faɗo zuwa na 21.

A kwatanta wannan da Joel Embiid, ɗan Yawunde ta ƙasar Kamaru. Shekara ɗaya ya yi a Kansas, ya samu matsalar baya, sannan ƙashin ƙafarsa ya tsage ana saura kwanaki a yi zaɓen 2014. Duk da haka Philadelphia ta ɗauke shi a matsayin na uku, ya yi kaka biyu cur bai buga ko wasa ɗaya ba, ana biyan sa albashi, likitocin ƙungiya na kula da shi, har ya warke ya zama gwarzon gasar a 2023. Da a jami'a ya yi wannan doguwar jinya, da wuya a ce ƙungiyoyi za su ci gaba da kallon sa da idon da suka kalle shi a 2014. Haka nan Greg Oden, wanda aka zaɓa na ɗaya a 2007 bayan shekara guda a Ohio State: gwiwoyinsa sun hana shi sakat, wasa 105 kaɗai ya buga a NBA, amma ya fita da miliyoyin daloli, ya koma jami'arsa ya karɓi digiri a 2019. Mutane kan kawo shi a matsayin misalin wanda abin bai yi wa kyau ba, ni kuwa ina ganin shi ne babbar shaidar cewa ya yi daidai da ya fita a lokacin da ya fita.

Komawa aji daga baya ma ba sabon abu ba ne. Michael Jordan ya bar North Carolina a 1984 bayan shekara uku, a zaɓen da Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya zo na ɗaya daga Jami'ar Houston, ya kuma koma ya kammala a 1986. Shaquille O'Neal ya bar jami'ar jihar Louisiana a 1992, ya karɓi digiri a 2000. Stephen Curry ya bar Davidson a 2009, ya kammala a 2022. Karatu yana jiran mutum fiye da yadda jiki ke jiran sa.

Duk waɗannan hujjoji gaskiya ne, amma gaskiya ce ga wanda ya tabbata yana cikin zagaye na farko. Matsalar ita ce adadin samarin da aka gaya wa cewa suna ciki ya ninka guraben da ke akwai. A 2021 sama da mutum 350 ne suka miƙa sunayensu tun kafin su gama shekarunsu na wasa, ana neman gurabe 60, waɗanda kuma dole a raba su da waɗanda suka kammala jami'a. Wanda ya faɗa zagaye na biyu ba shi da tabbacin komai sai abin da wakilinsa ya iya fitar masa a teburin ciniki. Da yawa kan ƙare da kwantiragin da ke raba su tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramar gasa ta G League, wanda kuɗinsa ya kai kimanin rabin mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa, kuma ana iya yanke shi a kowane lokaci. Wanda ba a zaɓa ba sam, yana iya samun kansa a G League ɗin da albashin dala dubu arba'in da 'yan kai, ko ya kama hanyar Turai ko Asiya, kuma damarsa ta buga wa jami'a ta riga ta tafi. Ko fanshon NBA sai mutum ya yi kaka uku yake cancanta.

Abin da ya sauya wannan lissafi daga tushe shi ne shekarar 2021. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Alston, daga 1 ga Yulin wannan shekara NCAA ta amince ɗalibai su ci moriyar sunansu da hotonsu, su yi talla, su karɓi kuɗi daga magoya bayan jami'a, abin da ake kira NIL a taƙaice. A watan Yunin 2025 kuma kotu ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko, a rarraba tsakanin wasanni daban-daban. Yanzu tauraron jami'a na iya samun dala miliyan ɗaya ko fiye a kaka guda, ya zarce abin da zai samu a wancan kwantiragi mai fuska biyu. Sakamakon bai ɓoyu ba: a 2025 mutum 106 ne kaɗai suka miƙa sunayensu da wuri, mafi ƙaranci cikin shekara goma. Ita ma ƙungiyar Ignite da NBA ta kafa a 2020 domin biyan matasan da ba sa son shiga jami'a, an rufe ta a 2024, domin jami'ar ta fara biya. Tsohuwar hujjar nan ta cewa talauci ne ya tilasta wa yaro fita, ta yi rauni ƙwarai.

Ga wanda yake wannan tsakiya, tsakanin na 25 da na 45 a hasashen masana, zama na iya ɗaga darajarsa a zahiri. Zach Edey na Purdue, mai tsawon santimita 224, ya gwada sa'arsa a 2023 bayan an zaɓe shi gwarzon jami'o'i, ya ji cewa wataƙila sai zagaye na biyu, ya janye. Ya koma ya ƙara saurin ƙafa da juriya, ya sake zama gwarzo, ya kai jami'arsa wasan ƙarshe, kuma a 2024 Memphis ta ɗauke shi na tara. Blake Griffin ya ƙara shekara a Oklahoma ya fito na ɗaya a 2009. Damian Lillard ya yi shekara huɗu a ƙaramar jami'ar Weber State, inda ƙwallo ke hannunsa kowane dare, ya fito na shida a 2012. Wannan batu na riƙe ƙwallo yana da muhimmanci, domin matashin da bai nuna ba, idan ya faɗa ƙungiyar da ke neman kofi, benci zai ɗumama. A jami'a kuwa shi ake nema idan wasa ya yi zafi a mintin ƙarshe, kuma ba a koyon wannan a atisaye. Masu cewa a fita za su amsa da cewa a NBA babu jarrabawa ko lacca, akwai wasanni 82 a kaka maimakon talatin da 'yan kai, ga masu horarwa da likitoci da ba su da wani aiki sai gyara ɗan wasa. Wannan ma haka ne, sai dai kulawar takan tafi ne ga wanda ƙungiya ta zuba wa kuɗi masu yawa, ba ga na 50 ba.

Bai kamata kuma a ɗauka cewa zama yana ɗaga kowa ba. Oscar Tshiebwe ɗan Lubumbashi ta ƙasar Kongo ya zama gwarzon jami'o'i a 2022 da Kentucky, yana cafe ƙwallon da ta kuskure kwando fiye da sau 15 a kowane wasa. Ya ƙara shekara, ya fito a 2023, ba wanda ya zaɓe shi. Ƙungiyoyin NBA ba lada suke bayarwa kan abin da mutum ya yi a jami'a ba. Suna sayen abin da suke tsammanin zai zama ne, kuma ɗan shekara 19 da bai gama ginuwa ba ya fi burge su a kan ɗan 23 da suka gama sanin iyakarsa. Zaɓen 2020 ya nuna haka da 'yan Najeriya biyu a zagaye na farko. Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, shekara ɗaya ya yi a Jami'ar Memphis aka ɗauke shi na 20. Udoka Azubuike ya yi shekara huɗu a Kansas, ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan jami'o'i a shekararsa ta ƙarshe, amma sai na 27 ya fito. Irin su Tshiebwe, waɗanda salon wasansu ya fi dacewa da jami'a, ribarsu a zama ita ce kuɗin da za su tara da digirin da za su riƙe, kuma wannan ma riba ce da ba za a raina ba.

Maganar ilimi kanta tana bukatar a faɗi gaskiya a kanta. Ana yawan kawo Tim Duncan, wanda ya cika wa mahaifiyarsa alkawarin da ya ɗaukar mata kafin rasuwarta, ya yi shekara huɗu a Wake Forest, ya karɓi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ya fito na ɗaya a 1997, ya ci kofi biyar da San Antonio. Labari ne mai daɗi kuma ina girmama shi, amma Duncan ɗaya ne, kuma ya yi zamansa kafin albashi ya kai inda ya kai a yau. Mai shekara ɗaya a jami'a kuwa, abin da ake bukata daga gare shi a zangon farko bai wuce ya ci kwas biyu ko makamancin haka ba domin ya cancanci buga zango na biyu, don haka kiran wannan da sunan karatu akwai ƙarin gishiri. Shi ma wanda ya zauna saboda kuɗi, yana sauya jami'a kowace shekara zuwa inda aka fi tayi, yana iya cika shekara huɗu ba tare da digiri ba, saboda ba kowane kwas sabuwar makaranta ke karɓa ba. Zama yana da ma'ana ne idan ana shiga aji, kamar yadda Jalen Brunson ya yi a Villanova, inda ya ci kofi biyu, ya kammala digiri cikin shekara uku, aka ɗauke shi na 33 a 2018, kuma daga nan ya gina kansa har ya zama jagoran New York.

Ra'ayina shi ne layin da ya raba ɓangarorin biyu yana ƙarshen zagaye na farko. Wanda ƙungiyoyi da dama suka nuna masa cewa yana cikin ashirin na farko, ya tafi, kada kunyar koci ko soyayyar magoya baya ta riƙe shi. Wanda ake cewa wataƙila ƙarshen zagaye na farko, wataƙila na biyu, ya zauna, sai fa idan wata ƙungiya ta yi masa alkawari mai ƙarfi. Kuma ba sai ya yi hasashe cikin duhu ba, domin tun 2016 doka ta ba shi damar miƙa sunansa, ya halarci gwajin da ake yi a Chicago a watan Mayu, a auna shi, ya tattauna da ƙungiyoyi, sannan ya janye cikin kwana goma bayan gwajin ba tare da ya rasa gurbinsa a jami'a ba. Akwai kuma kwamitin jami'an ƙungiyoyin NBA da ke ba ɗalibi ƙiyasin inda ake ganin zai faɗa. Wannan takarda ta fi maganar kowane wakili ko ɗan uwa amfani. Wani abin lura shi ne dokar da ta wajabta wa jami'a biyan kuɗin karatun ɗan wasan da ya fita ya dawo cikin shekara goma, sai wanda ya yi aƙalla shekara biyu a makarantar take amfana, don haka mai shekara ɗaya da bai tabbata da makomarsa ba yana yin asara biyu idan ya yi gaggawa.

Ɗan wasan da ya zo daga Afirka yana da ƙarin lissafi da ɗan Amurka ba shi da shi, kuma yawansu na ƙaruwa: Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya bi ta makarantar NBA da ke Sanigal zuwa Duke ya fito na goma a 2025, kamar yadda Pascal Siakam ɗan Duwala ya fito na 27 a 2016 daga New Mexico State, a hannun Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar Toronto a lokacin, wanda ya tashi a Zariya. Bizar ɗalibi ta hana yawancin aikin kuɗi a cikin Amurka, shi ya sa Tshiebwe ya yi amfani da tafiyar da ƙungiyarsa ta yi zuwa Bahamas a watan Agustan 2022 ya ɗauki hotuna da tallace-tallace, tun da a wajen ƙasar dokar ba ta hau kansa ba. Wannan yana rage masa ribar zama idan aka kwatanta da abokin wasansa ɗan ƙasa. Amma fita ma ta fi yi masa haɗari, domin izinin zamansa yana ɗaure ne da karatunsa. Idan ya bar makaranta kuma ba ƙungiyar da ta ɗauke shi, ya rasa gurbi, ya rasa tallafin karatu, takardunsa kuma sun shiga matsala a lokaci guda, ga dangi a gida da suka riga suka ji labarin miliyoyi. Irin wannan matashi yana bukatar ya zauna da lauyan shige da fice da kuma ofishin ɗaliban ƙetare na jami'arsa tun kafin ya sa hannu a kowace takarda da wakili ya miƙo masa.